Wa Zai Riƙe Kan Babur Zuwa Bida?

"Lafiya lau, sai dai na karya kumallo da ganin Banufe, ban san abin da yinin nan zai zo da shi ba."

"Ka gode wa Allah, bawana. Wasu sai sun yi tattaki suke ganin ubangidansu, kai kuwa ga ni har rumfarka. Ina gajiya? Ina yunwa?"

Maiwada bai ɗaga kai daga kaburetar da yake wankewa ba. A wannan rumfa ta unguwar Fadikpe ya tsufa yana gyaran babur, kuma ya daɗe da gajiya da masu dogon bayani. Kakansa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna daga Katsina. Ndako kuwa, mai kiransa bawa, Banufen Bida ne, mai yawon kasuwannin ƙauye da farantai da butocin tagulla. Tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba ya zama zagi, ba a riƙe shi, ba a kai shi ƙara.

Wannan wasa ne ya kawo Safara'u, uwargidan Ndako, rumfar jiya da la'asar. Ta ce yanar ido ta rufe wa mijinta idon hagu, amma ya ƙi yarda. 'Ya'yansa sun yi magana ya ce su fita harkarsa. Ita ta yi magana ya ƙaurace wa tuwonta. Ga shi gobe sunan jikansa na fari a Bida, ya rantse shi zai ja babur ɗinsa har can. "Kai kaɗai za ka faɗa masa ya haɗiye," in ji ta. Maiwada bai yi mata alkawarin komai ba. Cewa ya yi ta gaida gida.

Yanzu ga Ndako ya kafe babur a bakin rumfa yana shafa tankinsa kamar wuyan ingarma.

"Yau shekararsa guda cif a hannuna. Tashi ka gaishe shi."

"Ta'aziyya dai zan yi masa. Shekara guda a hannunka, ai ko jaki ne ya kai ƙara."

"Hassada ce. Babur ɗin da ya je Kuta, ya je Lapai, ya je Suleja ya dawo. Ran nan daga Zungeru muka taso tare da jirgin kakanka. Sai da na iso, na yi alwala, na ci abinci, na ɗan kishingiɗa, sannan na ji kukansa."

"Jirgin da ya lalace a hanya? Ai ko kunkuru ya riga shi ranar."

"Duba mai, ka ɗaure kaca, ka ƙara wa tayoyi iska. Gobe in an yi sallar asuba sai Bida. Kai ma ka yi wanka, a baya zan goya ka, mutanenmu su ga na yi arzikin bawa."

"Ka goya wa? Ni? Ina da 'ya'ya ƙanana, Ndako. In mutuwa nake so, na san inda layin dogo yake."

"Matsoraci. Ashe gara da ba ka taɓa zuwa Katsina ba, da sun kore ka. Bakatsinen da iyakarsa Bosso!"

"Iyakata Bosso, amma da ƙafafuna nake dawowa. Kai fa? Sau nawa aka kawo min kai da babur a bayan a-kori-kura, kana zaune a kan buhunan doya kamar wanda aka saya?"

"Sau ɗaya ne, kuma mai ne ya ƙare."

"Mai ya ƙare har ya lanƙwasa maka tayar gaba?"

Ndako ya gyara hula. "Wannan akuya ce. Akuyoyin Paiko ba su da tarbiyya."

"To, matar nan Bagwariya fa, da ka kwashe mata kaya daga kafaɗa ran kasuwar Paiko? Ita ma akuya ce? Har yau in ta ji ƙarar babur sai ta hau tudu."

"Ita ta shigo min hanya. Kuma na taya ta tsince doyarta, har muka rabu tana sa min albarka."

"Da yarenta ta yi, shi ya sa ka ɗauka albarka ce."

Ndako ya yi dariya har ya dafa sirdi. Sirdin na nan cikin ledarsa tun ta kanti, ta yayyage ta yi baƙi, amma ya hana a cire. Maiwada ya ajiye kabureta ya goge hannu da tsumma.

"Wannan ledar kuma sai yaushe? In ka mutu a yi maka likkafani da ita?"

"Sabon abu ai da shaidarsa."

"Sabo! Babur ɗin da ka ɗura wa man gyaɗa a Gwada don ka rasa baƙin mai. Da ka iso nan, duk unguwa ta fito da kwano, an zaci ƙosai ake soyawa."

"Ya kawo ni gida ko bai kawo ni ba?"

"Ya kawo ka, ni kuma na yini ina kwance inji. Sai kashe shi da kake yi a gangaren Chanchaga don kada ka ƙona mai. Ranar da damina ta cinye kwalbati, ina ka tsaya?"

"Na tsaya inda Allah ya tsayar da ni."

"Cikin gonar shinkafa, kai a ƙasa, takalma a sama. Banufe dai ko a kan ƙarfe yake sai ya nemi ruwa."

"Mu ruwa ba ya cin mu. Ku ne in kun ga kududdufi sai ku yi wasiyya."

Maiwada ya zaga babur ɗin a hankali, kamar mai duba tayoyi. Ya fara daga dama yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana.

"Zo ka ga wani abin mamaki. Wannan madubin na dama, wa ya sa shi?"

"Da shi ya zo."

"Da shi ya zo. Fentin nan ko ƙwarzane babu. Wannan gefen amarya ne." Ya koma ɗaya gefen. "Nan kuwa, madubi na canza har mai kantin ya tambaye ni ko cinye su nake yi. Matakin ƙafa na yi masa walda. Tanki ya loɓa. Fitilar sigina na daina sawa, asara ce. Ka gaya min, akuyoyin Paiko da matan Gwari da kwalbatoci, taro suka yi suka ce kowa ta hagu zai zo maka?"

"Shaiɗan ai ta hagu yake zuwa. Ga shi ma yanzu ta nan ka tsaya."

Ndako ya faɗi haka yana kallon titi, bai juyo ba. A kan babur ɗin, ta hannun hagu, akwai ƙullin ƙuli-ƙuli a rataye, guzurin tafiya. Maiwada ya miƙa hannu dab da kafaɗar Ndako, ya kwance ƙullin. Ya ɗaga shi sama ya kaɗa. Ndako bai motsa ba. Maiwada ya zaro ɗaya ya sa a baki ya gartsa.

Sai da ƙarar ta fito Ndako ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya.

"Ɓarawo! A gabana?"

"A gefenka dai. Na kaɗa maka shi kamar tuta, ba ka gani ba. In da babbar motar katako ce fa, a Kataeregi, kan hanyar Bida?"

Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa. Maiwada ya ci gaba da taunarsa, bai sassauta fuska ba.

"Safara'u ce ta zo nan," in ji Ndako.

"Babur ne ya faɗa min, tun kafin damina. Idon nan ya tafi, Ndako. Wani ya faɗa maka ka kore shi. To, ni kore ni in gani."

"Da wani ne da na mare shi."

"Da ka mari iska, in ta hagu ya tsaya."

Ndako ya zauna a kan bencin rumfa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kai ba ka sani ba. A saman buhuna na baro Bida, a bayan mota, da tabarma ɗaya. Yayyena suna bakin tasha suna cewa in na ji yunwa in dawo. Duk zuwan da na yi tun lokacin, a motar haya ne. Wannan karon jikana ne. So nake in shiga unguwarmu hannuna a kan abina. Kana so in shiga a goye kamar buhun gero, kuma bayan Bakatsine?"

Maiwada ya tsuguna ya fara ɗaure kaca.

"Daga ina mutanenku suke fara ganin mai shigowa?"

"Daga bakin gari."

"To, daga nan zuwa bakin gari ni zan ja. Ka zauna a baya ka riƙe bakinka. In mun hango rufin gidaje sai in sauka, ka karɓa. Giya ɗaya za ka sa, ba ƙari. Ni ne idonka na hagu. In na mintsine ka, birki."

"Ka mintsini ubangidanka?"

"Har da ranƙwashi in ta kama. In mun dawo kuma in kai ka wurin likitan ido. Ka ƙi, in kwance tayar gaba in kai wa Safara'u ta ajiye ƙarƙashin gado."

"In mun isa ƙofar gida kuwa, za ka sauka ka ɗauki jakata ka biyo ni a baya, kana cewa ranka ya daɗe."

"Zan ɗauka. In ka kayar da ni a gaban jama'a kuma, zan shiga har ɗaki in gaya wa jaririn irin kakan da ya samu, tun da wuri ya san inda zai sa kansa."

Ndako ya dube shi da idonsa mai kyau, ya girgiza kai. Ya sa hannu a aljihu ya zaro makulli, ya auna, ya jefa masa. Makullin ya wuce Maiwada da nisa, ya faɗa tsulum cikin kwanon tsohon baƙin mai.

"Da gangan na yi," in ji Ndako. "Bawa ba a miƙa masa abu a hannu."

Maiwada ya naɗe hannun riga ya tsoma yatsu cikin kwanon yana lalube. Ndako ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi ƙasa.