Hagun Furofesa Audu

Duk faɗin Madarumfa, daga bakin tafki har hanyar Ɗan Issa, babu wanda ya sha wuya saboda talakawa kamar Furofesa Abdurrahman Garba. Shi da kansa ya faɗa, kuma mai digiri uku ba ya ƙarya. Ɗalibansa na jami'a Kamarad, wato abokin gwagwarmaya, suke ce masa, don shi ya umarce su. Tausayin talaka ya yi masa yawa har ba ya iya kallon wahalarsa, shi ya sa gilashin motarsa baƙi ne kuma kullum a rufe. Abu ɗaya ke ci masa rai: a garinsu har yau Audu na Indo ake kiransa, kamar bai taɓa shiga aji ba.

Da ya zo hutu, 'yan lise, wato ɗaliban babbar sakandare, suka aiko shugabarsu Atika. Wata huɗu ajinsu ba malamin lissafi, ga jarrabawa ta matso, sun yanke shawarar yin maci zuwa ofishin perefe, shugaban gunduma. Suna neman babba wanda zai shige gaba, don kada a kore su kamar awaki. Furofesa ya ji daɗi, baki har kunne. In yaran nan suka san ko shi wane ne, sunan Audu ya mutu ke nan.

Bayan la'asar suka taru a ƙofar gida. Da yake mai kishin daidaito ne, sai ya hau kujera ya bar musu ƙasa.

“A zamaninmu ɗalibi wuta ne!” in ji shi. “Mun sha barkonon tsohuwa kamar kunu. Ranar babban bore ni ne a sahun gaba, jandarma na hango ni suna ja da baya. Ku kuwa sai latsa waya. Ni ɗan hagu ne! A hagu aka haife ni, a hagu na girma, a hagu zan mutu!”

Hagun siyasa yake nufi, ɓangaren masu ƙwato wa talaka haƙƙinsa. Amma Inna Indo, gwaggon da ta raine shi, tana zaure tana ɓarar gyaɗa, kuma ita hagu ɗaya ta sani. Ta fito zani a hannu.

“Audu, mi kake cewa? Kai ne bahago?”

“Inna, wannan hagun na ilimi ne.”

“Yi mini shiru, kada ka ɓata ma gidanmu suna!” Ta juya wajen yaran. “Da dama yake ci, da dama yake gaisuwa, ni na koya mashi. Kuma ba shi da rigima ko ta ƙwayar gero. Shekarar da 'yan makarantarsu suka yi tarzoma a birni, tun ranar hwarko ya hau motar albasa ya gudo gida. Kwana goma sha biyu ya yi cikin rumbuna, ina miƙa mashi tuwo da kihi ta sama. Ko jaki ya yi kuka sai ya ce, ‘Inna, sun zo?’ Yaro mai hankali!”

Ta faɗa da alfahari, idonta har da ƙwalla. Furofesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya soma bayanin cewa a ilimin juyin juya hali akwai abin da ake kira ja da baya na dabara. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Atika ta miƙe ta kaɗe zaninta, ta rusuna da ladabi.

“Mun gode, Baba Audu. Gobe da sahe za mu hita da kanmu.” Sai ta dubi tsohuwar. “Inna, a share mashi rumbun tun yau.”