Rasuwar Birnin Sama a Bakin Ƙofa

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Malam Suma'ila na unguwar Birni a nan Damagaram, malamin lissafi wanda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ke kira Mushe, malam ke nan da bakin Faransanci, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Birnin Sama. Marigayin ya cika ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a bakin ƙofar ɗakin da aka haife shi, rabinsa a ciki, rabinsa a waje.

Ga waɗanda ba su san shi ba, kuma su ne mafi yawa, Birnin Sama gari ne na laka, ginin hannu, wanda faɗinsa ya fi tabarma, hasumiyarsa kuma ta kai ƙirjin mutum. An gina shi domin wasan labari, irin wanda manya ke yi a zaune. Mutum ɗaya ne ke ƙago duniya ya riƙe labarin. Sauran kowa ya ɗauki soja guda ya zama bakinsa, ya faɗi abin da sojan zai yi, sai a jefa ƙwayar lido ta raba gardama, ko ya dace ko ya faɗi. Malam ya fara ganin irin wannan wasa a wayar wani abokin aikinsa, daga ranar kuwa bai sake samun sukuni ba.

Labarin da ya shirya na wani zamani ne mai nisa da bai zo ba tukuna. Birni ne rataye tsakanin taurari, a cikinsa akwai sojojin da aka sake ƙera jikinsu. An gauraya ƙashinsu da ƙarfe, idonsu na ganin abin da ke bayan bango, cikinsu na jure rani guda ba tare da ɗigon ruwa ba, baiwar da duk mutumin Damagaram da ya ji sai ya yi ajiyar zuciya. Sulkensu ya manne da fata, ba a tuɓe shi har abada. Yaƙin da aka ƙera su dominsa ya ƙare, waɗanda suka ƙera su suka kulle ƙofofin birnin ta waje suka yi tafiyarsu. Labarin gaba ɗaya a kan abu ɗaya yake: yadda za su fita.

Domin mutum ɗaya aka gina marigayin. Rashid tsohon ɗalibin Malam ne, magidanci a yanzu, ɗan kabu-kabu wanda ba lungun da bai sani ba daga Zango zuwa Karkada. Tun da mota ta buge shi a kan hanyar Tirmini yake kwance a ɗakinsa, a rigingine, bisa umarnin likita cewa kada a motsa bayansa. Da farko abokai sun yi ta zuwa, daga baya suka ragu, daga baya kuma shi da kansa ya ce a daina shigo da su. Yayarsa Raudatu, wadda ke jinyarsa, ita ta zo ta gaya wa Malam cewa ya daina tambayar ko wace rana ce. Malam ya je, ya zauna a gefen gado, sai ya ɗauko labarin sojojin. Rashid ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mushe, ni a ba ni sojan da aka kulle can ƙurya. Na san halinsa." Malam ya yi masa alkawari cewa zai kawo masa birnin har gefen gado, ya gan shi da idonsa, ya taɓa shi da hannunsa, kafin hutun lakwal ya ƙare.

An haifi marigayin a farkon hutu, a kan wani tsohon ƙyauren ƙofa da aka kwantar bisa benci biyu. Nomau magini, mutumin Garagumsa, shi ya koya wa Malam kwaɓa laka da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, kamar yadda ake yi wa ginin gaske. An mulmula masa tubali kamar ƙwayar gyaɗa, aka jera ɗaya bayan ɗaya, aka yi masa yaɓe da bayan cokali. A makonnin da famfo ya ɗauke, Malam ya riƙa rage ruwan wankansa yana ba marigayin. Uwargida Ramatu ta gani, ta ce, "Malam, ko shi ma za a yanka masa ragon suna ne?"

Marigayin ya kasance mai tsari. Titunansa a miƙe suke, kowane an auna shi da ma'aunin lakwal, domin sojan da ya ce zai ruga daga rumbun makamai zuwa gadar tsakiya a san ko ƙafarsa za ta kai. Yana da kurkuku mai rufi, da rijiya busasshiya, da wata ƙofar ɓoye wadda Malam kaɗai ya san inda take. Mai haƙuri ne ƙwarai. An rushe hasumiyarsa an sake ginawa, an sake rushewa, bai taɓa ƙorafi ba. Ba shi da yawan magana. Idan Malam ya gwada ƙwayar lido a dandalinsa, yakan amsa da ƙwar-ƙwar-ƙwar, a hankali, cikin ladabi. Da la'asar, idan laka na bushewa, akan ji ya ce ƙyas, sau ɗaya, sai ya yi shiru.

Kuma ya kasance mai girma da sauri. Duk lokacin da Malam ya je duba Rashid, sai Rashid ya yi tambaya. Ina sojojin ke kwana? Idan aka toshe gadar, ta ina za a bi? Malam ba ya son a tambaye shi abin da bai shirya ba, a aji ma haka yake. Sai ya koma gida ya ƙara katako a gefen ƙyauren, ya gina amsar. Da haka birnin ya samu barikin kwana, da unguwar injuna, da ganuwa ta biyu. Mai Nasara tela, wanda zai riƙe sojan da ake kira Lajidan, ya gaji da jira, ya ce, "Mushe, mu fa ko a kan faranti a fara. Sojana ya kusa yin furfura bai harba ko tsinke ba." Malam ya ce a ƙara haƙuri, saura yaɓen gabas.

Ciwon ajali ya bayyana ranar da aka gama yaɓen gabas. Nomau ya zo ganin aiki, ya yaba, ya zaga birnin, sannan ya tsaya ya dubi ƙofar ɗakin, ya sake duban birnin. Ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Mushe, ta ina zai fita?" Ƙofar irin ta tsofaffin gidajen Birni ce, gajeruwa, matsattsiya, wadda ko mai gida sai ya sunkuya. An auna kowane lungu na marigayin, an auna tsallen kowane soja. Ƙofar ce kaɗai ba ta cikin labarin, ita ce kuwa ba a auna ba.

An nemi magani iya ƙoƙari. An ce a faɗaɗa ƙofar, Nomau ya ɗora hannu a bangon ya ce azarar rufin a kansa take zaune, wanda ya taɓa shi ya shirya kwana a fili, ga damina. An duba taga, ko kan mutum ba ya shiga. An ce a ɗauko Rashid a kawo shi, Raudatu ta ce sai dai a bi ta kanta, likita ya hana. Malam ya ɗauki hotunan birnin a waya ya kai masa. Rashid ya karɓa, ya duba ɗaya, ya kife wayar a ƙirji. Ya ce ya gaji da ganin duniya ta cikin gilashi.

Haka aka zauna, birni a ɗakinsa ba ya fita, mai birnin a nasa ɗakin ba ya fita, Malam kuma yana kai da kawowa tsakanin ɗakunan biyu hannu wofi. Damina ta yi nisa. Laima ta shiga jikin marigayin, ganuwar waje ta fara tsagewa, ƙyas ɗin da yakan yi sau ɗaya ya zama sau da yawa. Malam ya riƙa like tsagar da yatsa, yana sake lissafin da ya san amsarsa. Ga lakwal ta kusa buɗewa, kuma bana a Dakusa aka tura shi koyarwa, inda ba zai riƙa zuwa gida ba sai ƙarshen mako, shi ma idan an samu mota. A ziyararsa ta ƙarshe kafin rasuwar, Rashid bai yi tambaya ko ɗaya ba. Da Malam ya tashi tafiya sai ya ce, "Mushe, idan lakwal ta buɗe, ka ba wani sojan nan. Kada ya yi ta zama saboda ni."

Saboda wannan magana aka yanke shawarar yin aikin da kowa ya san yana da haɗari. Ranar Talata aka naɗe marigayin da tsofaffin zannuwan Ramatu, aka ɗaure shi da igiya, aka cire kan hasumiyar da zarto. Nomau da Mai Nasara suka kama gaba, Malam ya kama baya, da nufin a karkata shi a fitar da shi a gicciye kamar gado. Ya jure karkatawar farko. Unguwar injuna ta fita, ta ga tsakar gida. A daidai gadar tsakiya katakon da aka ƙara ya cije a jikin ƙofar, ba gaba, ba baya. Malam na ciki, su suna waje, marigayin ya toshe tsakaninsu. Nomau ya ce a ɗan ɗaga. Aka ɗan ɗaga. Marigayin ya ce ƙyas, ya ce ƙararas, sannan ya ce rugum. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Malam ya daɗe a tsaye a cikin ɗakin, hannuwansa na riƙe da katakon da babu komai a kansa. Ramatu ce ta fara kwashe ɓaraguzai domin ya samu hanyar fita, kuma a wannan karon ba ta yi masa ba'a ba.

Marigayin ya rasu ya bar sojoji huɗu, dukkansu cikin ƙoshin lafiya, domin su an gasa su a wuta tun suna ƙanana. Lajidan na Mai Nasara ya rasa bakin bindigarsa. Likitar rundunar, wadda Raudatu za ta riƙe, an tsince ta a cikin takalmin Nomau. Wanda aka ware wa Nomau ko ƙwarzane bai yi ba. Sojan Rashid kuwa, wanda aka gina kurkuku a kewaye da shi aka rufe tun makon farko, ba wanda ya sake ganinsa sai ranar, kwance a tsakar gida kusa da randa, ya fi kowa nisa da ƙofar. Haka nan marigayin ya bar ƙwayar lido guda biyu, da benci biyu da suka ɗauke shi tsawon rayuwarsa, da tabon laka a bangon ɗaki. Ƙofar ɓoye ta tafi tare da shi.

Malam bai iya kai labarin da kansa ba, Raudatu ce ta kai. Ta ce Rashid ya tambayi inda aka tsinci sojansa. Da ta gaya masa, sai ya yi dariya har bayansa ya amsa, ta tsawata masa. Ya ce, "Yaya, ki ce wa Mushe kada ya zubar. A kawo min gawar. Mutanen nan ba su fita ba tukuna, rufi ne kawai ya faɗo musu." Malam ya aika cewa babu titi, babu gada, babu ma'auni, duk abin da ya shirya ya zama ƙasa. Rashid ya aiko da amsa cewa shi ma haka ya tashi bayan haɗarin ya samu nasa shirin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar la'asar. Za a ɗauki marigayin daga gidan Malam a cikin kwanduna da tasoshi, duk wanda ke da hannu ya zo ya kama. Za a bi ta lungun bayan masallaci zuwa gidan su Rashid, inda za a juye shi a kan tabarma a gefen gado, yadda ya zube, ba za a gyara ko tubali ɗaya ba. Ba za a binne shi ba. Mai Nasara zai zo da butar shayi. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya a zaure, domin ɗakin mutum biyar kawai yake ɗauka, ɗaya a kwance. Ranar Litinin Malam zai kama hanyar Dakusa.

Rashid ne zai fara jefa ƙwaya. Abin da zai biyo baya, Malam bai san shi ba.