Saukar Shamuwa a Kwarin Marke

A dajin Kwarin Marke akwai dokar da ta girmi kowa: ba a shuka sai Shamuwa ta sauka a kan rimin fada, idan kuma ta sauka ba a jinkiri. Sarki Ɓauna ya gaji dokar, ya kuma naɗa Shamuwa Magajiyar Damina. A zamanin kakanni tana sauka hadari na biye da ita. Yanzu ita ba ta saɓa lokaci, ruwan ne ya saɓa. Sai a yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ruwan gaske sai daga baya, ya yi gajeren zama ya wuce.

Gafiya, uwar marayu, ƙwarya ɗaya ce ta rage mata ta iri. Gero ne mai saurin nuna, da ƙyar ta samo shi wurin dangin mijinta a wata ƙasa. Idan ya ƙone ba ta da wani. Don haka ranar da Shamuwa ta sauka aka tara majalisa, sai ta kutsa gaba ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Alfarma nake roƙo. A bar mu mu jira ƙasa ta jiƙa sosai kafin mu zuba iri. Wannan geron ba ya son dogon lokaci, ko an makara zai kai."

Burtu, wazirin Sarki, ya gyara tsayuwa. "Ke Gafiya, yaushe aka naɗa ki? Wato Magajiya ta ratso ƙasashe ta zo mana da ƙarya ke nan?"

"Ban ce ba, ranka ya daɗe. Ƙasar ce a bushe."

Shamuwa ta leƙo daga reshe. Ba ta taɓa cin rani a kwarin ba, ba ta kuma cin hatsi, fara take ci. Ta ce, "Inda na baro, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Har yanzu fikafikaina da sanyi. Wanda yake shakka ya hau ya taɓa."

Fadawa suka yi dariya. Manoma suka sunkuyar da kai. Akwai Zomo da Bushiya a cikinsu, waɗanda da safe suka yi wa Gafiya alkawarin za su mara mata baya.

Burtu ya juya wajen Sarki ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, yau a bar kowa ya tona gonarsa ya yanke wa kansa damina, gobe kowa zai yanke wa kansa haraji. Jibi kuma su tambayi amfanin fada. Ba maganar gero ake yi ba."

Sarki Ɓauna ya daɗe yana tuƙa kafin ya buɗe baki. "Damina ta kama. A shuka."

Aka baza birai dogarai gona-gona. Biyu suka tsaya a kan Gafiya har ta zuba ƙwayar ƙarshe, ɗaya ya karɓi ƙwaryar ya kife ta don ya tabbatar. Yayyafi ya zo, geron ya fito kore shar, 'ya'yanta suna ta murna. Daga nan sama ta washe. Gafiya ta yi ta jidar ruwa daga rafi har rafin ya ƙafe, tsiron ya kwanta.

Sai ga ruwan gaske, mai yawa, a kan gonakin da babu komai cikinsu.

Majalisa ta sake zama. Burtu ya yi jawabin yabo ga Shamuwa, wadda ta ce ruwa na tafe, ga shi kuwa ya zo. Game da asarar da aka yi, aka binciko cewa laifin baƙon iri ne, aka hana shigo da shi. Zomo da Bushiya, waɗanda irin da suka gada ma ya ƙone tare da na Gafiya, suka ce gaskiya ne.

Gafiya ta kwashe 'ya'yanta ta bar kwarin, babu wanda ya raka ta. Gonarta ta cika da ciyawa mai laushi, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Fada ta karɓe ta, tunda ba mai nomawa. Can Sarki Ɓauna ya yi kiwo har kaka, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa bai taɓa ganin damina mai albarka kamar ta bana ba.