Yadda Za Ka Hana Gwiwarka Warkewa Har Kaka

Ka faɗo daga babur a hanyar Rogo, an ɗaure ƙafa, an kwance, gwiwa ta sage. Barka da arziki. Damina ta kankama, 'yan unguwa sun yi gayya sun nome maka gyaɗa, kai kuwa kana kan tabarma masu dubiya na sauke kwanon farfesu. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin hannunka ba zai taɓa fartanya ba bana.

1. San maƙiyinka

Ba likitan gashin ƙashi ba ne, ruwan da yake son saka ka ciki ne. A tudu gwiwa ce ke ɗauke da kai har da tumbinka, shi ya sa ɗingishinka ke fita da kyau. Da ka shiga ruwa iya ƙirji sai ya karɓe yawancin nauyin, zafi ya lafa, ƙafa ta kama tafiya ba da izininka ba.

2. Ɗauki darasi daga Liti

Liti na Kurugu ya fi ka iya nishi. Wansa Sulle, mai yi masa noma, ya kai shi asibiti a Kano, aka ce ya shiga kwamin ruwa ya tsaya kawai. Ya shiga, amma ya ƙi cire hula, wai shi magidanci ne. Hula ta zame, ruwa ya tafi da ita, Liti ya bi abarsa taku bayan taku.

Sulle ya ce, "Af, Liti! Ashe ƙafar tana nan?"

"Wallahi Yaya, ruwan ne ya tura ni."

Aka yi ta mayar da shi har ya warke sarai. Jiya na gan shi duƙe a gona, sai da na ji tausayinsa.

3. Tanadi uzuri

Mura tsohon yayi ce. Ka ce kakanka ya yi wa zuriyarsa kashedi da duk ruwan da ya wuce idon sawu. Ba mai gardama da mamaci.

4. In an saka ka dole

Riƙe ƙarfen gefe, ka ƙame. Kowane taku a ruwa ƙara wa tsoka ƙarfi yake yi a ɓoye. Daɗi zai zo maka, ɓata fuska.

5. Koma tabarma

Miƙe ƙafa sambal. In an ce "Ya jiki?" ka ja numfashi tukuna, sannan ka ce, "To, da sauƙi dai."

Gargaɗi

Gwiwar da aka daɗe ana ce wa ta zauna takan ji magana. In ta ƙage da gaske, masu dubiya suka ɗauke ƙafa, ka je sujada ta ƙi lanƙwasuwa, ka koma sallah kan kujerar roba a gefen sahu ko furfura ba ka yi ba, kada a neme ni. Kujerar ma kai za ka riƙa jan abarka zuwa masallaci.