Ajiyar da Na Yi a Cikin Lasifika

Lokacin da sojoji suka yi bore, ina aiki a reshen wani babban kamfanin manhajar kwamfuta a tsakiyar Bangui. Da harbi ya matso, shugabanmu, wanda muke kira Patron, ya miƙo mini disket, wato faifan ajiyar bayanan kwamfuta, guda goma sha biyu, kwafin duk aikinmu na shekara biyu.

Ya ce, "Ku 'yan unguwar Kilomita Biyar kun iya ɓoyon kaya."

Na karɓa ina hura hanci. A gida, Kawu Sule mai shagon yadi ya ce, "Ɗana, kawo in cusa su cikin atamfa."

Na ce, "Kawu, wannan harkar masu ilimi ce." Na kwance bayan tsohuwar lasifikarsa, na jera su jikin ƙarfen ciki, na mayar da murfi. Wane ɓarawo zai leƙa nan?

Bayan mako uku muka koma. An wawashe ofishin, ko kujera ba a bari ba. Mu tara muka kewaye kwamfutar aro. Disket na farko, wayam. Na biyu, wayam. Da na faɗi inda suka kwana, Patron ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Maganaɗisun lasifikar ya share komai, abin da ni da bakina nake gargaɗin sababbin ma'aikata a kai.

Aka rufe reshen, kowa ya kama gabansa. Atamfar Kawu kuwa ko zare ba a taɓa ba, ita nake aunawa yanzu. Har yau da an ji harbi sai maƙwabta su leƙo shago: "Injiniya, ga takardun gidana. Da sauran wuri a lasifikar?"