Agogon Hawan Jini Na Masu Lafiya Ne

Jiya na raka Yayata asibitin unguwarmu, don an ce za a raba wa masu hawan jini wani agogon zamani. Ana ɗaura shi a hannu, ya riƙa auna jini da bugun zuciya yana aika wa likita. Ban yi boko mai nisa ba, amma na karance takardar cikin kwalinsa, kuma abin kirki ne. Sau biyu bana Yaya tana yanke jiki ta faɗi. Da tana da shi, da ya yi ƙara kafin ta kai ƙasa.

Muka tarar an kafa ƙaton allo a ɗakin jira, kowane agogo da lambarsa da ɗigonsa: kore lafiya, ja haɗari. Wai Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle zai zo ya gani.

Jami'in rabo ya auna Yaya, ya yamutsa fuska. "Mama, jininki ya hau da yawa. Ki dawo in ya sauka."

"Ɗan nan, in ya sauka me zan zo yi?"

"Za ki ɓata mana allo."

Na dubi waɗanda aka ɗaura wa: mai gadi, direbobi biyu, da wani ƙato wanda ko mura tsoronsa take ji. Allo kore shar. Madalla da hikima! An kashe hawan jini a unguwarmu ba tare da ƙwaya ɗaya ba.

Da jami'in ya auna ni ya ce na dace. Na karɓa, na ja Yaya bayan ƙofa, na ɗaura mata. In laifi ne, na ɗauka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai Girma na sa ƙafa, allo ya ɗauki kuwwa, ɗigo ɗaya ja wur. Sai ga likitan da muka yi wata uku muna nema, a guje. "Wa ke da lamba sha bakwai?"

Yaya ta ɗaga hannu. "Ashe kana raye, likita?"

Nan take aka zaunar da ita, aka ba ta magani. Mai Girma ya tsaya gefenta aka ɗauki hoto, don haka babu mai ƙarfin halin cire mata agogon.

Ku ji shawarar dattijo: in kuna son ganin likita, kada ku ce kanku na ciwo. Ku sa wa allonsu ciwo.