Waƙar Dodo ta Shekarar Yunwa

Saura kwana uku Lahadin godiyar girbi, ranar da kowane gida ke kai damin hatsi majami'a, Tanko shugaban mawaƙan majami'arsu ta garin Tawa ya faɗo gidan kakarsa Kaltumi da takarda a hannu. Bana gonarta ta ƙauyen Barmu ko dami biyar ba ta yi ba. Tsohuwar ta ƙudura sai an rera waƙar da marigayi mijinta Dodo ya tsara a shekarar yunwa, wadda yanzu ita kaɗai ta rage da saninta.

"Lahiya lau, amarya. Ina ƙahwahu? Suna nan, ko kin ba da su aro?"

"Suna nan, su za su raka ka kushewa, raggon miji. Mi kaka riƙe?"

"Sabuwar waƙar Lahadi. Ki koya, ki bar yi muna kukan akuya daga bencin baya."

"Karanta in jiya."

Ya gyara murya ya karanta: rumbuna sun cika sun batse, garke ya yaɗu, ga mota a ƙofa, yunwa ba ta san gidanmu ba. Ran Kaltumi ya ɓaci.

"Rumbun wa? Naka? Kai da ko ɓera ya shiga ɗakinka da kuka shika hita?"

"Bangaskiya ta, tsohuwa. A hwaɗi da baki, Ubangiji shi cika."

"Ƙarya ta dai, an sa mata piyano. Raƙiya da ke cikin mawaƙanku, sau guda ɗiyanta ka cin abinci a wuni. Ita za ka tsaida gaban Allah ta ce ta ƙoshi, har da rawa?"

"To waƙar tsohon naki hwa? Ko gawa ta ji ta sai ta ƙara mutuwa. Ba kiɗi, ba tahi, samari sai kwana."

"Su yi ta kwana! Anza, ɗiyan icen daji masu ɗaci, munka ci sa'ad da munka rera ta. Ɗiya biyu na bizne shekaran nan, ƙannen ubanka. Kakanka ya ce ma Allah rumbu wohi na, kuma ba mu barin ƙohwarshi. Bai yi mishi ƙarya ko guda ba."

Tanko ya dubi takardarsa, ya juya bayanta, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kin kada ni, mummunar mata. Rera in rubuta, amma ki tausaya ma kunnena."

Ta rera baiti na fari, yana rubutawa. Ta rera na biyu. Da ta zo na uku ta buɗe baki, babu. Ta koma farko ta sake taho, nan ma ta tsaya a wurin. Abin da take tsoro tun da damina ke nan, ba ta gaya wa kowa ba.

Tanko ya laluba aljihu, ya ɗora mata farin goro a tafin hannu.

"Ci, amarya, ko shi dawo."

Ta damƙe goron, ba ta ko dube shi ba.

"Ba shi dawowa. Da ka zo bara, da ka iske shi. Bar mishi hili ga takardar. Ran Lahadi in kun kawo nan, ku kashe piyanon, kowa shi yi shiru."